Yadda Ake Lissafin Lodin Wuta a Shagon Injina

Shafin Kimiyya da Fasaha
Daga wani ɗan aji biyu, mamba a Ƙungiyar 'Yan Jarida

Darasinmu na wannan mako a kan wutar lantarki ne, kuma akwai lissafi a ciki. Na san wasu da sun ji an ce lissafi za su zarce shafin barkwanci. Don Allah ku tsaya. Tarawa ce da sau da rabawa kawai, irin waɗanda muka yi tun firamare. Amma rashin yin wannan ɗan lissafin ne ya kusa ƙone shagon kawuna, kuma ina tsaye a wurin abin ya faru.

Abin da ya faru

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Yana da shagon injina kusa da kasuwar Panteka a nan Kaduna. Sana'arsa sassaƙa ƙarfe da walda. Idan wani ƙarfe ya karye a injin niƙa ko injin ban ruwa, kuma ba a samu irinsa a kasuwa ba, shi ake kawo wa ya sassaƙa sabo. Su huɗu ne ke aiki: shi, da manyan yaransa biyu, da wani mai koyo. Ni kuma ina zuwa ranar Asabar da lokacin hutu, in share burbushin ƙarfe, in miƙa sufana. Daga shagon nan ake saya mini littattafai da yunifom.

Bara da kaka aiki ya yi yawa, saboda masu injin casa da na niƙa duk sun kawo gyara. Sai babban birekan da ke cikin akwatin wuta ya fara faɗuwa. Da safe lafiya lau, amma daga azahar sai ka ji "ɗas", komai ya tsaya. A tayar, ya sake faɗuwa. Ɗaya daga cikin manyan yaran ya ce, "Maigida, birekan nan ya gaji, a sa babba." Aka cire mai lamba 63 aka sa mai lamba 100. Shi ke nan, faɗuwa ta ƙare, kowa ya yi murna. Da Kawu ya ga haka, sai ya aro injin walda na biyu a wurin abokinsa don aiki ya yi sauri.

Wata Asabar ina shara sai na ji ƙaurin roba. Na ɗaga kai na ga hayaƙi yana fitowa ta gefen akwatin wutar, sai ga tartsatsi. Mai koyon nan ya sunkuci bokitin ruwa. Kawu ya daka masa tsawa, "Ajiye! Kana so ka mutu?" Ya fita da gudu ya kashe babban makunnin waje, sannan aka watsa yashi. Allah ya tsare, ba wanda ya ji rauni. Amma kwana tara shagon yana rufe, kuma wasu masu gyara sun kwashe kayansu sun kai wani wuri.

Kawu ya kira wani dattijo mai aikin wuta, wanda ya yi karatun abin yana da takardar shaida. Kowa Injiniya yake kiransa. Na zaci fulaya da waya zai fara fitarwa. Sai ya fito da littafi da biro. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan makaranta ne? To zo, kai za ka riƙa rubutawa." Abin da zan koya muku yau, a littafin nan na fara rubuta shi, sannan na kai wa malaminmu na Fasaha ya duba mini.

Kalmomi uku

Kafin mu shiga lissafi, sai mun san kalmomi uku. Injiniya ya kwatanta mini su da ruwan tanki.

Ta farko ita ce bolt. Ba bolt ɗin da ake ɗaurewa da noti ba. Wannan ƙarfin turi ne, kamar yadda ruwa ke fitowa da ƙarfi idan tanki yana can sama. An samo sunan daga Alessandro Volta, mutumin Italiya da ya ƙirƙiro batir a shekarar 1800.

Ta biyu amfiya. Ita ce yawan wutar da ke gudu a cikin waya, kamar yawan ruwan da ke bin bututu. Sunan wani masani ne ɗan Faransa, Ampère. Lambar da ke jikin bireka, 63 ko 100, amfiya take nufi.

Ta uku wat, wato yawan aikin da wutar ke yi. Sunan James Watt ne, ɗan Sikotland da ya inganta injin tururi. Wat 1,000 shi ne kilowat ɗaya. Idan kun ji an ce inji mai ƙarfin doki ɗaya, wat 746 ake nufi.

Ga yadda suke haɗuwa:

Wat = bolt × amfiya
Amfiya = wat ÷ bolt

Misali, hitar dafa ruwa mai wat 1,200 a kan bolt 240: 1,200 ÷ 240 = amfiya 5.

Duk abin da aka jona yana jan wuta, shi ake kira lodi. Lissafin lodi kuwa shi ne a gano amfiya nawa kayan wuri ke ja, a kwatanta da abin da waya da bireka za su iya ɗauka.

Layi ɗaya da layi uku

Wutar da muke sha tana tasowa daga tashoshi irin su Kainji da Shiroro a jihar Neja. Tana bin manyan turaku da bolt 330,000, ana rage ta mataki-mataki zuwa 132,000, da 33,000, da 11,000, har taransifomar unguwa ta mai da ita 415.

Daga taransifoma wayoyi huɗu ke fitowa. Uku masu wuta ne, su ake kira layi. A shagon Kawu launinsu ja, da rawaya, da shuɗi. Ta huɗu baƙa ce, ita ce hanyar da wuta ke komawa. Akwai kuma koriyar waya da ake binnewa a ƙasa don kariya. Wasu sababbin wayoyi suna zuwa da wasu launuka daban, don haka masu aikin wuta ba sa dogara da launi kawai, sai sun gwada.

Tsakanin layi ɗaya da baƙar waya akwai bolt 230 zuwa 240. Shi ne muke amfani da shi a gida. Tsakanin layi da layi kuwa akwai bolt 415. Manyan injina suna shan layi ukun a lokaci guda, kuma suna jan amfiya daidai wa daida a kowanne. Ƙananan kaya irin su fanka da ƙwan fitila layi ɗaya suke sha.

Injiniya ya ce in ɗauki layi ukun nan kamar jakuna uku. Babban bireka mai lamba 63 ba yana nufin su ukun su haɗu su ɗauki 63 ba. Kowane jaki 63 ne iyakarsa. Kuma idan ɗaya ya durƙushe, birekan yana tsayar da dukansu.

Mataki na ɗaya: rubuta komai

Kowane inji yana da ɗan faranti na ƙarfe a jikin motonsa, inda kamfani ya rubuta bolt da amfiya da kilowat. Na shagon Kawu duk baƙin mai ya rufe su. Da tsumma da kananzir na goge su ɗaya bayan ɗaya, wuta a kashe. Ga abin da muka samu.

Masu shan layi uku:
Babban injin sassaƙa ƙarfe, kilowat 5.5: amfiya 11
Ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe, kilowat 4: amfiya 8
Injin yanka ƙarfe, kilowat 2.2: amfiya 5
Injin huda ƙarfe, kilowat 1.5: amfiya 3.5
Jimla: amfiya 27.5 a kan kowane layi

Masu shan layi ɗaya:
Injin walda: amfiya 30
Babbar giranda, wat 2,400: amfiya 10
Ƙaramar giranda, wat 720: amfiya 3
Ƙwan fitila 10, kowanne wat 24: amfiya 1
Fanka 3, kowace wat 80: amfiya 1
Hitar dafa shayi, wat 1,200: amfiya 5
Jimla: amfiya 50

Hitar nan da farko ba wanda ya ambace ta. Injiniya ne ya hango ta a bayan benci. Ya ce, "Wannan 'yar abar ta fi injin hudar ku jan wuta a layinta." Mai koyo ya sunkuyar da kai, don tasa ce.

A nan na yi wani kuskure, kuma zan faɗa muku don kada ku maimaita. Injiniya ya ce a lissafin layi uku ana ninka bolt 415 da 1.732, wato tushen lamba 3, a samu kusan 719. Sai na yi sauri na raba wat 5,500 da 719, na samu 7.6. Na ce, "Injiniya, farantin nan ƙarya ya yi, ya rubuta 11." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kilowat ɗin da ke jikin moto aikin da yake fitarwa ne, ba abincin da yake ci ba."

Ya bayyana mini abu biyu. Na farko, wani kaso na wutar yana zama zafi a cikin moton, shi ya sa yake ɗumi. Moto irin wannan, cikin kashi 100 da ya ci, kusan 85 ne ke zama aiki. Na biyu, moto yana jan wata wutar don yin maganaɗisu a cikin kwayil ɗinsa. Ita ba ta juya komai, amma tana bin waya tana cika ta. Ma'aunin wannan shi ake kira fawa fakto, kuma a farantin an rubuta 0.82. Da na sake rabawa, 7.6 ÷ 0.85 ÷ 0.82, sai ga kusan 11. Faranti ya yi gaskiya. Don haka idan moto ne, amfiyar da ke jikin faranti ake ɗauka.

Mataki na biyu: duba abin da ke kan kowane layi

Injiniya ya nuna mini wayoyin da suka ƙone. Ja da baƙa sun narke sun manne da juna. Rawaya da shuɗiya kuwa kamar sababbi. Ya ce, "Me wannan ya gaya maka?" Na yi shiru. Sai ya sa muka bi kowace waya daga soket zuwa akwati. Ashe wanda ya fara ja wa shagon wuta tun da daɗewa, duk soket da fitilu a kan jan layi ya jona su, don shi ne ya fi kusa da hannunsa. Duk wanda ya zo ƙara soket daga baya, sai ya jona a jikin na kusa.

Ga yadda lodin ya kasance:
Ja: 27.5 + 50 = 77.5
Rawaya: 27.5
Shuɗi: 27.5

Jakuna uku, an labta wa ɗaya kaya, biyu suna tafiya sakayau. Birekan 63 bai gaji ba. Aikinsa yake yi. Yana faɗuwa ne don ya ce kaya sun yi yawa. Dalilin da ya sa yake jira sai azahar kuwa, a cikinsa akwai ɗan ƙarfe da ke lanƙwashewa idan ya yi zafi. Idan lodin ya wuce kaɗan, a hankali yake ɗumama, kuma zafin rana yana ƙara masa.

Da aka aro injin walda na biyu, shi ma kan ja ya hau: 77.5 + 30 = 107.5. Ita kuma baƙar waya, duk wutar kayan layi ɗaya ta cikinta take komawa, wato har amfiya 80. Shi ya sa su biyun ne suka ƙone.

Wayar da ta shigo shagon mai kaurin milimita 16 ce. Injiniya ya ce yadda aka zura ta a bututu, ga kuma zafin garinmu, amfiya sittin da ɗoriya ne iyakarta. Birekan 63 abokin tafiyarta ne. Da aka sa na 100, an canja mai gadi ne ba a canja waya ba. Wayar tana dahuwa, sabon mai gadi yana kallo, don shi sai an wuce 100 sosai zai motsa.

Akwai wani abu da ya ba ni mamaki. Zafin waya ba ya ƙaruwa daidai da amfiya, ya fi ta sauri. Idan amfiya ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi. Idan ta ninka uku, ninki tara. Daga 63 zuwa 100 ko ninki biyu ba a yi ba, amma zafin ya kai kusan ninki biyu da rabi. Ga shi kuma akwai wani sukuru da ya saki a inda jar waya ta shiga bireka, kuma duk inda haɗi ya saki, nan zafi ke taruwa. Daga nan wutar ta tashi.

Ku rubuta wannan a bayan littafinku: bireka waya yake karewa. Girman waya ne ke zaɓen bireka, ba son ran mai shago ba.

Mataki na uku: raba kaya

Injiniya ya miƙo mini biro ya ce in raba amfiya 50 ɗin nan a kan layi uku yadda za su yi kusa da juna. Injin walda ba ya rabuwa, don haka na bar shi shi kaɗai a kan ja. Babbar giranda na kai ta rawaya. Sauran, wato hita 5, ƙaramar giranda 3, fitilu 1 da fanka 1, na tara su a kan shuɗi, suka ba da 10.

Ja: 27.5 + 30 = 57.5
Rawaya: 27.5 + 10 = 37.5
Shuɗi: 27.5 + 10 = 37.5

Duka ukun suna ƙasa da 63. Ba a sayar da inji ko ɗaya ba, ba a hana kowa shan shayi ba. Kawu ya karɓi littafin ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wato da an yi wannan tun farko, da ban yi asarar kwana tara ba."

Da aka zo gyara, an mayar da birekan 63 a babban akwati. Daga shi aka fitar da ƙananan akwatuna biyu, ɗaya na injinan layi uku, ɗaya na soket da fitilu. Kowane inji aka ba shi nasa ƙaramin bireka daidai da wayarsa, don idan ɗaya ya samu matsala kada ya tsayar da shago duka. Ni na rubuta sunayen da aka manna a ƙarƙashin kowane bireka.

Mataki na huɗu: abin da ke aiki a lokaci guda

Lissafin da muka yi na duk kayan da aka jona ne, kamar a ce an kunna komai tare. Amma mutum huɗu ba za su riƙe inji bakwai a lokaci ɗaya ba. Shi kansa injin walda ba ya jan wuta sosai sai ana liƙi. A jikinsa an rubuta kashi 60 cikin 100, wato a cikin minti 10, minti 6 yake iya yi yana aiki a wannan ƙarfin, ya huta 4.

Don a san gaskiyar abin da ake ja, Injiniya ya dawo bayan an buɗe shago, ranar da aiki ya yi yawa. Ya zo da wata mita mai baki kamar ƙaguwa, wadda ake maƙala wa waya ta nuna amfiya ba tare da an yanke ta ba. Mafi yawan abin da jan layi ya nuna a ranar shi ne 46.

Ya ce shi ƙa'idarsa, lodin da ke daɗewa yana aiki kada ya wuce kashi 80 cikin 100 na bireka. 63 × 0.8 = 50.4. To, 46 yana ƙasa da 50, amma ratar amfiya 4 ce kawai.

Me ya sa ake barin rata? Dalili na farko shi ne tashin moto. Kun taɓa lura fitila tana ɗan dushewa idan firji ya tashi? Moto idan zai tashi daga tsaye yana jan wajen ninki shida na abin da yake ja yana gudu, kamar yadda tura amalanke ya fi wuya a farko. Babban injin Kawu mai amfiya 11 yana iya fizgar 66 na 'yan daƙiƙu. Shi ya sa ba a tayar da injina tare. A fara da babba, ya daidaita, sannan na biye. Shi ya sa kuma ake duba harafin da ke gaban lambar bireka. Mai harafin B yana faɗuwa nan take idan wuta ta kai ninki 3 zuwa 5 na lambarsa, mai C ninki 5 zuwa 10, mai D ninki 10 zuwa 20. Babban injin an sa masa C20, don haka fizgar 66 ba ta kayar da shi.

Dalili na biyu, idan wuta ta zo ba ƙarfi, moton da ke ɗauke da aiki ƙarin amfiya yake ja don ya cike giɓin, sai kwayil ya yi zafi. Haka kuma idan layi ɗaya ya ɗauke aka bar biyu, moto zai ci gaba da juyawa yana gurnani har ya ƙone. Duk wanda ya ji wannan gurnanin, kashewa ya kamata ya yi nan take.

Mataki na biyar: kada a manta da janareta

Shagon yana da janareta mai kVA 30. Yaran shago suna ganin tunda ƙato ne, komai zai ɗauka. Ga lissafinsa: 30,000 ÷ 719 = kusan amfiya 42 a kowane layi. Ita kuwa wutar layi da birekan 63 tana ba da 63 × 719, wato kusan kVA 45. Kun ga janaretan kashi biyu cikin uku kawai yake iya ɗauka. Kuma kVA ba kilowat ba ne. Da fawa fakto 0.8, kVA 30 kilowat 24 ne.

To a kan janareta, injin walda 30 da babban injin sassaƙa 11 sun ba da 41 a jan layi. Ya cika ke nan, kuma dole a tayar da babban injin tukuna kafin a fara liƙi. Yanzu akwai kwali manne a jikin makunnin canja wuta, an rubuta: "Idan janareta ne, walda da inji ɗaya kawai."

Shawarar Kawu

Tun kafin gobarar Kawu yake tara kuɗi don sayen kwamfaresa ta fenti, mai layi uku, kilowat 3, amfiya 6.5. Ya ce, "Ɗan makaranta, lissafa mana." Na lissafa gabana yana faɗuwa, don na san yadda yake son ta.

Idan an kunna komai: 57.5 + 6.5 = 64. Ya wuce 63.
Idan da abin da mita ta nuna ne: 46 + 6.5 = 52.5. Ya wuce 50.

Na gwada injin walda na biyu a kan rawaya: 37.5 + 30 = 67.5. Shi ma bai shiga ba.

Na ce, "Kawu, ba za ta shiga ba." Babban yaronsa ya ce, "Haba, saboda amfiya ɗaya?" Kawu bai tanka ba. Ya tambayi Injiniya mafita. Ya ce sai an canja wayar shigowa zuwa mai milimita 25, sannan a sa birekan 80, kuma sai an sanar da kamfanin wuta sun amince, domin taransifomar unguwa ma tana da iyakarta, kuma ba shi kaɗai ke sha ba. Waya tukuna, sannan bireka, sannan inji.

Washegari Kawu ya mayar da injin waldar da ya aro. Kuɗin kwamfaresa rabi ya tafi a gyaran akwati, sauran yana ajiye ana tara na waya. Har yau ba a sayi kwamfaresar ba, fenti wani shago ake kaiwa ana biya. Amma tun daga ranar birekan 63 bai sake faɗuwa ba, kuma littafin nan yana rataye a ƙusa kusa da akwatin wuta. Ko cajar waya aka kawo sabuwa, mai koyo sai ya tsokane ni ya ce, "A kira Injiniya ƙarami."

Gargaɗi

Wannan darasi na takarda da biro ne. Ban taɓa sa hannu cikin akwatin wuta ba, ku ma kada ku sa. Bolt 240 yana kisa.
Idan bireka yana yawan faɗuwa a gidanku, a rage kaya, a kira wanda ya san aikin. Kada a sa babba, kada a ɗaure fis da waya.
Idan soket ko fulogi yana zafi, ko ya yi baƙi, ko kun ji ƙaurin roba, ku kashe ku gaya wa babba.
Ba a zuba wa gobarar lantarki ruwa. A kashe babban makunni tukuna, sannan a yi amfani da busasshen yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda.

Aikin gida

1. A jikin wani soket mai doguwar waya an rubuta amfiya 13. An jona masa dutsen guga mai wat 1,200, da butar lantarki mai wat 2,000, da talabijin mai wat 160. Idan bolt 240 ne, amfiya nawa ake ja? Zai ɗauka ko ba zai ɗauka ba?

2. Wani tela yana da layi uku da kaya shida masu layi ɗaya: amfiya 9, 6, 5, 4, 3 da 3. Raba masa su yadda lodin layukan zai yi kusa da juna gwargwadon iko.

3. Ku duba kaya biyar a gidanku, a cire su daga soket tukuna, ku karanta wat ɗin da ke jikinsu, ku fitar da amfiyar kowanne. Wanne ya fi ja? Ina jin amsar za ta ba ku mamaki yadda hitar shayi ta ba mu.

A jefa amsa a akwatin ƙungiya da ke gaban ofishin malamai kafin ranar Alhamis, da suna da aji. Za mu manna sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Ina godiya ga malaminmu na Fasaha da ya duba lissafin, da Kawu da ya yarda in ba da labarin. Da na nemi izininsa cewa ya yi, "Rubuta duka, har da kuskurena. Wataƙila uban wani yana shirin sayo bireka mai lamba 100."